Faɗan Kaza Mai 'Ya'ya da Tambayar Wanda Ke da Alhaki

Duk wanda ya san kiwon kajin gida ya san cewa kazar da ta fi kowace sanyin hali takan canza daga ranar da ta shiga kwanci, wato zaman da take yi a kan ƙwai na kimanin kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe, kuma canjin yakan tsananta bayan 'yan tsaki sun fito, inda za a ga ta kumbura gashin jikinta, ta saki fikafikai ƙasa, tana kai sara ga 'yan uwanta kaji, da zakaran da ta saba bi, da hannun da ke watsa mata tsaba, har wani lokaci ta bi ɗan tsakon wata kaza da ya yi ɓatan kai cikin nata ta yi ta saransa a ka har ya mutu. Masu kiwo sukan ɗauki wannan a matsayin matsalar akurki kawai, alhali a ƙarƙashinsa akwai tambayar da malaman tauhidi da na fiƙihu da masana halayyar dabbobi suka daɗe suna juyawa, kowa da irin harshensa: idan tausayin uwa ne ke sa ta kashe ɗan wata, wane suna za a ba wa wannan aiki, kuma a wuyan wa alhakinsa yake?

Tambayar ta fi matsa wa mutum a inda muhalli ya ƙuntata. A ƙauyen ƙasar Hausa kaza mai 'ya'ya tana da juji da gindin rumbu da bayan danga da bakin gona, saboda haka takan janye 'ya'yanta nesa da garke ta yini tana tono, faɗan kuma ya taƙaita ga 'yar barazana a bakin kasko. A unguwa irin Cocotiers, wadda ke gunduma ta 2 ta birnin Libreville a ƙasar Gabon, gidaje manne suke da juna, iyalai da dama kan yi tarayya a tsakar gida ɗaya, ga kuma ruwan sama wanda a shekara yakan kai kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, yana zuba daga wajen Oktoba har zuwa Mayu, abin da ke tilasta wa mai kaji tara su a ƙarƙashin rufi ɗaya na tsawon sa'o'i. Bahaushe mazaunin Gabon, ko zuriyar fataken da suka shigo arewacin ƙasar ta Kamaru suka zauna a garuruwa irin Bitam da Oyem ne, ko baƙon da ya zo neman abinci daga Nijeriya ko Nijar, idan ya ajiye 'yan kaji saboda baƙo ko suna ko sadaka, yana ajiye su ne a kan iyakar maƙwabcinsa, wanda mai yiwuwa ɗan ƙabilar Fang ne Kirista ko ɗan Mali Musulmi, shi ma da nasa 'yan tsakin. A irin wannan zama saran kaza guda kan zama maganar haƙƙi tsakanin mutane biyu.

Kafin a yanke wa aikin hukunci ya kamata a san yadda yake faruwa. A shekarar 1922 wani masani ɗan ƙasar Norway mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa garken kaji yana da tsarin fifiko, kowace kaza ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa, kuma wannan tsari shi ke rage faɗa domin ba sai an sake fafatawa kullum ba. Kaza mai kwanci takan fita daga wannan tsari na makonni, ba ta cin abinci sai kaɗan, jikinta ya rame, yayin da wani sinadari da ake kira furolaktin, wanda ƙwaƙwalwa ke sa a saki cikin jini kuma shi ne dai ke sa nonon dabbobi masu shayarwa ya kawo, yake ƙaruwa a jikinta ya dakatar da yin ƙwai ya ɗaure ta a kan sheƙa. Idan ta dawo garke da 'ya'ya, ta dawo ne a matsayin wadda sai ta sake ƙwatar gurbinta, tana kuma ɗauke da abin da kowane shaho da shirwa da muzuru da gafiya ke nema.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda take gane wanda za ta kare. A shekarun 1930 wani mai bincike a Jamus, Brückner, ya nuna cewa idan aka ɗaure ɗan tsako a bayan shamaki yana kuka, uwar takan rugo da fushi ko da ba ta gan shi ba, amma idan aka kife shi da ƙoƙon gilashi mai kauri yadda tana ganin yana fafutuka ba ta jin kukansa, sai ta ci gaba da tononta. A 1960 Wolfgang Schleidt da Margret Schleidt sun yi wani gwaji da talo-talo mata waɗanda aka kurmantar, suka tarar cewa suna kwanci yadda ya kamata, amma da zarar 'ya'yan sun fito sai su sassare su har lahira, kamar yadda za su yi wa duk wani ƙaramin abu mai motsi da ya kusanci sheƙa. Konrad Lorenz, masanin nan na ƙasar Ostiriya, ya kafa hujja da wannan gwaji a littafinsa na 1963 game da faɗa a tsakanin dabbobi, inda ya fahimci cewa tsuntsuwa mai 'ya'ya a shirye take ta afka wa kowa, kukan ɗanta ne kaɗai ke riƙe bakinta daga kansa. Wannan na nufin cewa kariya da kisa daga tushe guda suke fitowa, abin da ya raba su kuwa siriri ne ƙwarai, bai wuce sauti da sabo na 'yan kwanakin farko ba. Matan karkara sun riga masana sanin wani ɓangare na wannan, tun da sun daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabo ko na agwagwa ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi faɗa da shirwa a kansu kamar jininta, alhali ita ce kuma za ta kashe ɗan tsakon da ya fito daga ƙwan da ita kanta ta saka idan wata kaza ce ta ƙyanƙyashe shi kuma ya zo mata a baƙo. Iyakar tausayinta ba ta bin jini, tana bin wanda ya yi kuka a ƙarƙashinta a lokacin da ya dace.

Daga nan wani zai iya komawa ga ra'ayin René Descartes, masanin falsafa na Faransa wanda a 1637 ya siffanta dabba da na'ura mai motsi ba tare da tunani ba, ya ce ashe babu tausayi a lamarin ko kaɗan. Binciken da Joanne Edgar da abokan aikinta suka wallafa daga Jami'ar Bristol ta Ingila a 2011 bai goyi bayan wannan saurin yanke hukunci ba, domin sun ga cewa idan aka hura wa 'yan tsaki iska mai ɗan tayar da hankali a gaban uwarsu, bugun zuciyarta yakan ƙaru, ta tsananta lura, ta yawaita kiransu, ko da yake ita babu abin da ya taɓa ta. Akwai wani abu da take ji game da halin da suke ciki, sai dai abin ba ya ƙetare su zuwa ga waninsu.

Nassosin addini sun tsaya sosai a kan wannan abu da take ji. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke bayyana cewa Allah ya kasa rahama kashi ɗari, ya saukar da kashi ɗaya a duniya, kuma da wannan kashi ɗayan ne halittu ke jin ƙan juna, har dabba take ɗage kofatonta don kada ta taka ɗanta. Abu Dawud ya ruwaito labarin wata 'yar tsuntsuwa da wasu sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya biyu a wata tafiya, ta zo tana karkaɗa fikafikai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna rashin yardarsa da tayar mata da hankali ya sa aka mayar mata da su. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanya dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar na mutane, aya ta 24 ta Suratul Isra'i kuma ta yi amfani da siffar sassauta fiffike wajen umartar ɗa da tausasa wa iyayensa. Maƙwabci Kirista a Libreville, inda Kiristoci suka fi yawa nesa ba kusa ba, shi ma yana da irin wannan a Linjilar Matta, sura ta 23 aya ta 37, inda aka kwatanta son tattara mutanen Urushalima da yadda kaza ke tattara 'ya'yanta a ƙarƙashin fikafikanta. Dukkan waɗannan suna kallon abin ne daga ƙarƙashin fiffike, inda ɗumi yake. Matsalar da wannan rubutu ke bi tana wajen fiffiken ne, a inda ɗan tsakon maƙwabci ke tsaye.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da mabuɗi mai amfani a Ihya'u Ulumiddin lokacin da yake bayani a kan fushi. A wurinsa fushi ƙarfi ne da aka halitta a cikin mai rai domin ya tunkuɗe abin da zai halaka shi, saboda haka ba abin da za a tumɓuke ba ne, abin da ake nema shi ne ya tsaya a tsakiya, domin idan ya gaza sai ya zama ragwanci da rashin kishi, idan ya wuce kima sai ya zama ganganci, tsakiyar kuwa ita ce jarumta, ma'aunin da ke tsayar da shi a nan kuma hankali ne da shari'a. Idan aka auna kaza da wannan za a ga tana da ƙarfin gaba ɗaya amma ba ta da ma'aunin. Lokacin da ta tari shirwa da ƙirjinta, aikin ya yi daidai da jarumta, lokacin da ta kashe ɗan tsakon da bai iya cutar da kowa ba, ya yi daidai da ganganci, ita kuwa a duka biyun abu guda ta yi, kuma ba ta da hanyar da za ta bambance su.

Wannan rashin ma'auni shi ne dalilin da ya sa malamai suka ce dabba ba mukallafa ba ce, wato ba a ɗora mata umarni da hani ba, domin sharaɗin taklifi shi ne hankalin da zai fahimci magana ya kuma iya zaɓar bin ta ko saɓa mata. Zalunci a ma'anarsa ta shari'a ƙetare iyaka ne daga wanda aka sanar da shi iyakar, don haka kiran kaza azzaluma magana ce ta aro. Sai dai akwai hadisin Muslim da ke bayyana cewa a ranar ƙiyama za a mayar da haƙƙoƙi ga masu su har a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata, wanda a zahirinsa kamar yana tuhumar dabba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya warware wannan a sharhinsa da cewa ramuwar ba ta taklifi ba ce tun da babu taklifi a kansu, ramuwa ce ta daidaitawa. Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar da ya rasu a 1025, sun bi wata hanya, suka ce adalcin Allah yana wajabta a musanya wa dabba duk zafin da ta sha ba da laifinta ba, Ash'arawa kuma, waɗanda aƙidarsu ce malaman Afirka ta Yamma suka gada a littattafan tauhidi, suka ƙi kalmar wajabci a kan Allah suka mayar da abin ga falalarsa. Saɓanin babba ne a ilmin kalam, amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abin da ya shafi mai kiwo, wato zafin da ɗan tsako ya ji abu ne da ake lissafawa, ko da wadda ta sare shi ba ta da zunubi.

A nan ne ya kamata a yi hattara da yadda mutane ke aron uzurin kaza. Bahaushe ya ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma gaskiya ne cewa wanda ke da abin karewa shi ya san fargaba. Mutanen Akan na Gana ma suna da tambarin adinkira mai suna Akoko Nan, ƙafar kaza, wanda ke nuni da cewa takun uwa horo ne da ba ya kisa. Waɗannan maganganu suna bayyana dalilin tsananin uwa, ba su halatta abin da tsananin ya jawo wa wani ba. Matar da ke hana ɗan kishiya ko ɗan riƙo abinci don nata ya ƙoshi, da ma'aikacin da ke wawurar dukiyar jama'a yana cewa yana da iyali, da uban da ke zuwa makaranta da sanda saboda an hori ɗansa a kan laifin da ya tabbata, duk sukan fake da cewa son 'ya'ya halitta ce. Halitta ce, babu musu, amma kazar tana da uzuri ne saboda ba ta iya jin kukan ɗan wata a matsayin kuka, mutum kuwa yana ji, yana kuma sane da cewa yana ji. Shi ya sa shari'a ta yawaita magana a kan maraya da maƙwabci da baƙo fiye da yadda ta yi a kan umartar uwa da son ɗanta, domin na biyun ɗabi'a ta riga ta ɗauki nauyinsa, na farkon kuwa sai an yi umarni. Abin lura kuma, tausayin kaza yana da wa'adi, domin bayan mako biyar zuwa takwas takan fara korar 'ya'yan nata da sara ta koma yin ƙwai, mutum kuwa ana binsa haƙƙin zumunci har ƙarshen rayuwa.

Idan an wanke kaza, alhakin bai ɓace ba, ya koma ne kan wanda ke riƙe da ƙofar akurki. Izzuddin ɗan Abdussalam, malamin Shafi'iyya da ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, kuma daga cikinsu, bayan ciyarwa da rashin ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta da rashin yanka 'ya'yanta a gabanta, ya ambaci kada a haɗa ta wuri guda da abin da zai cutar da ita, ko daga jinsinta ne ko daga wani jinsi. Wannan sharaɗi ya sauka daidai a kan mai kajin da ke kulle uwa biyu masu 'ya'ya a keji ɗaya da kasko ɗaya, ko ya sayo 'yan tsakin kasuwa ya zuba su da rana tsaka a gaban kazar da ba ta san su ba. Shi ya san halinta, shi ya tsara wurin, kuma shi kaɗai ne a cikin lamarin yake da zaɓi.

Game da ɓarnar da ta shafi dukiyar maƙwabci, asalin ƙa'ida shi ne hadisin Bukhari da Muslim da ke nuna cewa raunin da dabba ta yi da kanta babu diyya a kansa, amma an iyakance shi da hukuncin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa game da taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani, inda aka ɗora wa masu gonaki tsaron rana, masu dabbobi kuma lamunin abin da suka ɓata da dare. Kaji sun ba malaman Malikiyya na farko wahala domin ba a kiwonsu da makiyayi. Daga cikinsu, Asbagu ya ga cewa kaji da tattabaru da ƙudan zuma kamar sauran dabbobin kiwo suke, ba a hana mutum ajiye su, mutanen gari su tsare amfaninsu, Muɗarrifu kuwa, wanda Ibnu Habib ya bi, ya ga a hana ajiye abin da ke cutar da mutane idan ba za a iya tsare kai daga gare shi ba. Maganar Asbagu ta dace da ƙauye mai faɗi, amma a tsakar gidan haya da iyali huɗu ke shanya a igiya ɗaya, inda maƙwabci ba shi da wani wurin da zai kai 'yan tsakinsa, maganar Muɗarrifu ce ta fi kusa da manufar hana cuta da cutarwa.

Kiwon zamani ya kawar da wannan matsala ta hanyar kawar da uwar kanta. Kajin gona masu yin ƙwai an tace irinsu har yawancinsu sun daina kwanci, ƙwai yana ƙyanƙyashewa a inji, 'yan tsaki suna girma a ƙarƙashin fitila. Mafi yawan naman kajin da ake ci a Gabon daskararre ne da ake shigowa da shi daga ƙetare, kuma a 2025 gwamnatin Shugaba Brice Oligui Nguema ta sanar da cewa za ta hana shigo da shi daga 1 ga Janairun 2027 domin bunƙasa kiwon cikin gida. Gonakin da za su cike wannan giɓi na inji ne, kuma a can faɗan bai ƙare ba, ya sauya kama ne zuwa figar gashi da cin naman juna a tsakanin kajin da aka cunkushe, har ana datse musu baki don rage ɓarnar. Ba kowane shiru a akurki ne alamar an kyautata ba, kuma kazar gida mai faɗa, duk da ɓarnarta, tana yin aikin da aka halitta ta a kansa.

Abin da fiƙihu ke nema daga mai kaji a Cocotiers ko a Fagge ta Kano bai fi ƙarfinsa ba: ya keɓe wa mai 'ya'ya wani lungu da kwando ko raga na makonnin farko, ya ba ta ruwa da tsaba nata daban, idan zai ƙara mata 'yan tsakin da ba nata ba ya sa su a ƙarƙashinta da dare tun suna 'yan kwana ɗaya ko biyu, kuma kada ya doke ta ko ya ɗaure mata ƙafa a rana don huce haushi, domin horo yana amfani ne ga wanda zai gane laifinsa. Malikiyya sun tabbatar da lamuni a kan mai dabbar da aka san ta da cutarwa idan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, saboda haka wanda maƙwabcinsa ya yi wa magana sau ɗaya a kan kazarsa, ya kuma sake ta a tsakar gida ta kashe wasu 'yan tsakin, biyan kuɗinsu ya hau kansa.